Bayan Barin Aiki, da Wa Za Ka Zauna?

A ranar 27 ga watan Agusta na 1991 aka ƙirƙiro Jihar Kebbi daga cikin tsohuwar Jihar Sakkwato. A watannin da suka biyo baya ma'aikata suka yi ta kwaso kayansu daga Sakkwato zuwa Birnin Kebbi, aka kuma ɗauki sababbi domin cike ofisoshin sabuwar jiha. To, ƙa'idar aikin gwamnati ta ce ma'aikaci zai ajiye aiki idan ya cika shekara 60 da haihuwa, ko shekara 35 yana aiki, duk wanda ya riga zuwa. Mai karatu ya yi lissafi da kansa: idan aka tara 1991 da 35, za a sami 2026. Ke nan galibin waɗanda suka zo daga Sakkwato sun riga sun koma gida, samarin da aka ɗauka a shekarar farko kuwa layi ya zo kansu.

Idan ka tambayi mai shirin barin aiki irin tanadin da ya yi, zai lissafa maka gida, da gona, da takardun fansho da na garatuti. Duk waɗannan tanadi ne mai kyau. Amma akwai abu guda da aka fi mantawa da shi, wato mutanen da zai zauna da su tun daga hantsi har zuwa la'asar, a lokacin da ya saba yana ofis. Shi ne abin da za mu duba a wannan wata.

Wane ne mai ritaya?

Kalmar ritaya da ma'aikacin gwamnati aka fi saninta, domin shi ne ake ba takarda a ce daga rana kaza ya huta. Malaman makaranta sun sami ƙarin lokaci, domin dokar tarayya ta 2022 ta mayar da nasu shekara 65 da haihuwa ko 40 ta aiki. Amma kada mutanen karkara su ce wannan magana ba tasu ba ce. Manomin da gwiwa ta hana shi shiga fadama ya bar wa 'ya'yansa gona, shi ma ya yi ritaya. Haka Basarken da ya daina shiga jirgi ya miƙa wa ɗansa taru, da direban da ido ya hana shi tuƙi, da ɗan kasuwar da ya bar wa yaransa rumfa, da ungozomar da ƙarfinta ya ƙare. Bambancin kawai shi ne, na ma'aikaci rana ɗaya yake zuwa, na sauran kuwa a hankali yake shigowa. Dukansu tambaya ɗaya ke jiransu.

Abin da aiki ke bayarwa ban da albashi

Ma'aikaci yakan yi awa 8 a wurin aiki, kwana 5 a mako, wato awa 40 ke nan. A cikin waɗannan awoyi yana gaisawa da masinja da direba da akawu da maigadi, ana hira, ana raha, ana cin abinci tare. Idan an yi masa haihuwa ofis zai zo, idan an yi masa rasuwa ofis zai zo. Aiki ne ke tashinsa da safe, aiki ne ke gaya masa ranar Litinin ce ko Alhamis. Aiki ne kuma ya ba shi sunan da ake kiransa da shi, ko darakta, ko hedimasta, ko malamin gona, ko malamin asibiti.

Ranar da ya miƙa makullin ofis, duk waɗannan tare suke tafiya. A makon farko gida yakan cika da masu zuwa taya murna. Bayan wata uku sai ƙafa ta ɗauke, wayar da ba ta hutawa ta yi shiru. A nan ne dattawa da yawa suke shiga ɓacin rai, su ce ashe duk munafukai ne suka kewaye su.

Ya kamata a yi wa mutane adalci. Gaskiya ne akwai abokin kujera, wanda kujerar yake gaisarwa, kuma duk wanda ya hau ta shi ne nasa. Amma yawancin abokan aiki ba mugunta ce ta ɗauke su ba. Ofis ne ya haɗa ku, kullum kuna ganin juna ba tare da kowa ya yi tattaki ba. Da aka daina haɗuwa a ofis, sai ya zama ganin juna na bukatar niyya da kuɗin mota da lokaci, su kuwa har yanzu suna bakin aiki. Wanda ya gane haka ba zai zauna yana ƙirga waɗanda ba su zo ba. Zai tashi ya nemi inda zai riƙa haɗuwa da mutane kullum, kamar yadda ofis ya yi masa a da.

Akwai kuma waɗanda abin ya fi yi wa tsanani. Su ne waɗanda aiki ya kai su Legas ko Kaduna ko Abuja shekara da shekaru, ba sa zuwa gida sai da salla. Idan irin wannan ya dawo Argungu ko Augie ko Gulma, sai ya tarar sa'o'insa wasu sun rasu, wasu sun saba da zama ba shi, yaran shiyarsu kuwa ba su san shi ba. Ya zama baƙo a garin da aka binne cibiyarsa.

Kaɗaici na taɓa lafiyar jiki

Wani zai ce, to mene ne a ciki idan tsoho ya zauna a gidansa shi kaɗai, ai hutu ne? Masana lafiya sun bincika wannan al'amari, kuma amsar da suka samu ba ta da daɗi.

A Jami'ar Harvard ta ƙasar Amurka an fara wani bincike tun 1938, aka ɗauki samari 724 ana bin rayuwarsu har suka tsufa. Babban abin da aka gano shi ne, waɗanda suka fi kyakkyawar hulɗa da iyali da abokai su ne suka fi lafiya da kwanciyar hankali a lokacin tsufa. A 2010 wasu masana suka tattara bincike 148 da aka yi a kan mutane fiye da 300,000, suka ga masu yawan cuɗanya da jama'a sun fi marasa ita tsawon rai. A 2025 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto cewa mutum 1 cikin kowane 6 a duniya yana fama da kaɗaici, kuma yana da hannu a mutuwar mutane fiye da 871,000 a kowace shekara. Abin ya kai ga ƙasar Ingila ta naɗa minista a 2018 domin kula da matsalar kaɗaici, Japan ma ta yi haka a 2021.

Yadda abin yake faruwa ba shi da wuyar ganewa. Wanda ba ya fita ba ya motsa jiki, sai gaɓoɓi su sage, hawan jini da ciwon suga su sami wurin zama. Wanda yake cin abinci shi kaɗai ba ya ci da yawa. Wanda ba shi da abokin magana yakan kwana yana saƙe-saƙe, barci ya ƙaurace masa, damuwa ta yi masa yawa. Likitoci sun lissafa rashin cuɗanya da mutane cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin gigin tsufa. Bugu da ƙari, idan ciwo ya kama mai jama'a, nan da nan za a lura an kwana biyu ba a gan shi ba, a je a duba shi. Wanda ya saba kulle ƙofa kuwa, sai ciwo ya ci ƙarfinsa kafin a sani.

Gadon da muka tarar

Mu a wannan yanki Allah Ya rufa mana asiri, domin abin da waɗancan ƙasashe suke kashe kuɗi suna nema, mun tarar da shi a al'adarmu.

Na farko shi ne masallacin shiya. Wanda yake sallar jam'i sau 5 a rana zai ga maƙwabtansa sau 35 a mako. Ba wani ofis da ke haɗa mutane haka. A nan ake jin wanda ba shi da lafiya, da inda za a yi suna, da inda aka yi rasuwa. 'Yan uwanmu Kirista su ma suna da irin wannan haɗuwa a coci da ƙungiyoyinta na maza da na mata.

Na biyu shi ne majalisa, ko a zaure, ko a gindin bishiya, ko a ƙofar gidan wani dattijo, inda sa'o'i ke shimfiɗa tabarma bayan la'asar ko bayan isha'i. A wasu majalisun ana buga dara, wadda ake haƙa mata gurbi 30 a ƙasa, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, duk wanda ya jera uku ya ci ɗaya na abokin karawarsa. Wasa ne da ke wasa ƙwaƙwalwa, ba ya kuma cin ko kwabo.

Na uku ita ce ciyayya, inda magidanta ke fito da akushinsu ƙofar gida a haɗa a ci tare. Mai tuwon shinkafa da mai tuwon dawa duk hannu ɗaya ne, kuma wanda ba a ɗora tukunya a gidansa ba ranar nan, ba wanda zai gane. Shi ya sa Bahaushe ya ce zo mu ci tuwo ya fi tuwon daɗi.

Sai gayya a gona, da adashi, da gudummawar biki tsakanin mata, da wasan jika da kaka wanda ke sa tsoho dariya ko yana cikin ɓacin rai.

Sai dai kuma dole a faɗi gaskiya, wannan gado yana raguwa. A tsohon gari da ƙauyuka har yanzu zaure na nan. Amma a sababbin unguwannin Birnin Kebbi irin su Gesse, inda ma'aikata da yawa suka zauna, gida katanga ce da ƙofar ƙarfe, mutum zai shekara bai shiga gidan maƙwabcinsa ba. Ciyayya ta koma falo gaban talabijin. 'Ya'ya sun yi karatu aiki ya watsa su garuruwa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuma, kuɗin mota ya tashi, har tafiyar kimanin kilomita 50 tsakanin Birnin Kebbi da Argungu ta zama abin da ɗan fansho zai yi lissafi kafin ya yi ta. Saboda haka abin da iyayenmu suka samu a sauƙaƙe, mu sai mun tashi mun neme shi.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Wanda ya rage masa shekara biyar ko goma a aiki, yanzu ne lokacinsa. Ya fara zama a majalisar shiyarsu ko da sau biyu ne a mako. Ya riƙa zuwa jana'iza da ɗaurin aure da kansa, ya rage aika yaro da ambulan. Idan a wani gari yake aiki, ya riƙa zuwa gida ban da lokacin salla, ya kwana, ya zaga dangi, ya shiga ƙungiyar ci gaban garinsu. Ya kuma kyautata wa na ƙasa da shi a ofis, domin masinjan da ka mutunta ya fi saurin tunawa da kai a kan babban da ka yi wa fadanci.

Tarihin garin Argungu ma ya koya mana darajar tattaki. Fiye da shekara ɗari ana gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya taso da kansa ya ziyarci Argungu, a zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama. Aka shirya masa kamun kifi domin girmamawa, kuma daga wannan ziyara bikin kamun kifi na Matan Fada ya samo asali, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016. Idan ziyara guda ta iya wannan tsakanin masarautu biyu, to ɗan saɓanin da ke tsakaninka da ɗan uwanka a kan iyakar gona, ko da tsohon abokinka a kan siyasa, bai fi ƙarfin tattaki ba. Zumunta a ƙafa take. Mai ritaya kuwa ya sami abin da ya daɗe yana cewa ba shi da shi, wato lokaci.

Inda ake samun jama'a

Wanda ya riga ya bar aiki kada ya ce lokaci ya ƙure masa. Hanya mafi sauƙi ta samun mutane ita ce ka zama mai amfani gare su. Ga wasu wurare da ke bukatar dattawa.

Fadama. Kwarin gulbin Rima ƙasar shinkafa ce, rani da damina. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Nijeriya a watan Nuwamba na 2015, a Argungu kuma aka buɗe babban kamfanin casar shinkafa na WACOT a 2017. Noman zamani ya zo da takardu, da rajista, da asusun banki, da lissafin taki da man injin ban ruwa. Ƙungiyoyin manoma da yawa suna rushewa ne saboda rashin mai riƙe littafi da gaskiya. Tsohon akawu ko malamin gona da ya karɓi aikin sakataren ƙungiya zai taimaki jama'a, shi kuma ya sami abokan hira tun daga shuka har girbi. Amma ya tuna, a fadama manomin da bai shiga aji ba ya fi shi sani. Ya je da niyyar koyo, ya bar daraktancinsa a gida.

Ajin yaƙi da jahilci. Tun shekarun 1950 ake wannan yaƙi a Arewa, kuma a 1990 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar ilmin manya ta ƙasa. Har yanzu ƙauyukanmu cike suke da magidanta da matan aure masu son su iya karanta takardar asibiti da saƙon waya da kansu. Babba yakan ji nauyin zama gaban yaro sa'an ɗansa yana koya masa baƙi da wasali, amma ba ya jin nauyin sa'ansa. Da tsohuwar zuma ake magani. Tsohon malami da zai ba da awa biyu, kwana uku a mako, a zaurensa ko a makarantar firamare bayan an tashi yara, ya tuntuɓi jami'in ilmin manya na ƙaramar hukumarsa. Haka kuma dattijon da bai sami karatu da ƙuruciya ba, aji na jiransa, zai sami ilmi ya kuma sami abokai.

Makarantar zaure da Islamiyya. Ma'aikata da yawa sun yi ta cewa sai sun huta za su koma ga littattafan addini. To, ga hutun ya zo. Wannan ƙasa ta Malam Abdullahi na Gwandu ba ta rasa malamai ba, kuma abokin karatu yana daga cikin abokan da suka fi daɗewa.

Ƙungiyar 'yan fansho. Sashe na 210 na tsarin mulkin 1999 ya ce a riƙa sake duba fanshon ma'aikatan jiha duk shekara 5, ko duk lokacin da aka sake duba albashi, duk wanda ya riga zuwa. Mutum ɗaya ba zai iya bin irin wannan haƙƙi ba, sai an haɗu. Ban da neman haƙƙi, taron ƙungiya wuri ne na ganin tsofaffin abokan aiki. Kada a bari sai ranar tantancewa kawai za a haɗu a kan layi cikin rana. Mutum biyar ko shida da suka yi aiki tare suna iya sa ranar haɗuwa sau ɗaya a wata, yau a gidan wannan, wata mai zuwa a gidan wancan.

Aikin gari. Kwamitin makaranta, da na masallaci, da na asibitin ƙauye, da sasanta ma'aurata, da sulhu tsakanin manoma da makiyaya, duk suna bukatar mai haƙuri da ya san takarda ya kuma san mutane. Marigayi Alhaji Shehu Shagari, wanda ya taɓa zama hedimasta a Argungu a farkon shekarun 1950, minista ne lokacin da soja suka yi juyin mulki a 1966. Da kujera ta tafi sai ya koma gida ya shiga aikin asusun raya ilmi na lardin Sakkwato, wanda ya gina makarantu. Aikin gari bai rage masa daraja ba.

Ɓangaren mata

Mata ma suna ritaya, malaman makaranta da ma'aikatan jinya da na ofis. Galibi mace ta fi namiji riƙe ƙawaye, saboda biki da suna da barka da adashi. Amma nata kaɗaicin yakan zo ta wata hanya: 'ya'ya mata sun yi aure, maza sun tafi da matansu wani gari, maigida ya rasu, bayan takaba sai ta waiwaya ta ga gida ya yi mata faɗi.

A nan ma muna da abin koyi a tarihinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru. Dattijan mata ake zaɓa daga ƙauyuka, ana kiran kowacce jaji, su jagoranci mata zuwa wurinta su ɗauki karatu, su koma su koyar da na gida. Wato tun wancan zamani an gane cewa macen da ta gama renon 'ya'ya ita ce ta fi dacewa da jagorancin mata. Malamar da ta bar aiki a yau tana iya buɗe ajin matan aure a gidanta. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya tana iya zama mai ba masu ciki shawara su je awo.

Akwai kuma magana tsakanin miji da mata. Shekara 35 maigida na fita da safe, uwargida ta tsara gidanta yadda take so. Yanzu ga shi zaune wuni guda, yana tambayar gishiri da magi, yana ƙirga waɗanda suka shigo. Gidaje da yawa sun sami saɓani ta wannan hanya. Maganin shi ne maigida ya sami abin da zai fitar da shi kullum, ya kuma bar ta da ƙawayenta da makarantarta. Idan ya dawo kuwa, ya zauna su yi hira, domin ita ce abokiyar da ta fi kowa daɗewa tare da shi.

A yi hattara

Ba kowane mai fara'a ne aboki ba. Da zarar an ji garatuti ya fito, sai masu kawo shawarar kasuwanci su yi yawa. Wannan ya ce a sayi mota a sa haya, wancan ya ce ya san inda kuɗi ke ninkuwa cikin wata uku. Kuɗin nan guminka ne na shekara 35, kuma ba za a sake biyan ka wani ba. Kada ka sa shi a sana'ar da ba ka sani ba. Idan za ka ba da rance, ka ba da abin da ko bai dawo ba ba zai hana ka barci ba, a kuma rubuta a gaban shaidu. Rance ya raba aminai da yawa.

Haka kuma masu damfara ta waya sun fi son dattawa. Za su kira su ce daga banki ne ko daga ofishin fansho, su nemi lambar sirri ta katin cirar kuɗi. Banki ba ya tambayar wannan lamba ta waya. Kashe wayar, ka je ofishin da ƙafarka.

Majalisa ma iri-iri ce. Wadda aikinta gulma da caca da zagin shugabanni tun safe har dare ba za ta ƙara maka komai ba sai hawan jini. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Sannan shi ma mai ritaya ya duba halinsa. Idan kullum labarinsa ɗaya ne, lokacin da nake kaza, lokacin da na yi kaza, mutane za su gaji su watse. A majalisa babu darakta babu masinja. Wanda ya iya sauraro ya fi samun abokan zama.

Wani lokaci kuma jiki ne ke raba tsoho da mutane. Idan kunne ya yi nauyi, sai ya ga ana dariya bai san abin da aka ce ba, sai ya daina zuwa. Idan yanar ido ta rufe shi, sai ya ji tsoron fita. Yanar ido ana cire ta a asibiti, kuma akwai na'urar da ke taimaka wa ji. Kada a ce tsufa ne kawai a zauna, a je likita ya duba.

Haƙƙin da ke kanmu

Wannan aiki ba na tsofaffi kaɗai ba ne. 'Ya'yan da ke nesa su sani cewa aika kuɗi ta banki bai ɗauke musu zuwa gaisuwa ba. Su riƙa kira a kai a kai, su kawo jikoki hutu. Idan sun saya wa tsoho waya, su zauna su koya masa yadda zai kira sa'o'insa da yadda zai saurari saƙon murya a WhatsApp. Kada kuma a ɗauke tsoho daga garinsu a kai shi birni a ajiye a ɗaki mai sanyi da sunan hutu, alhali an raba shi da masallacinsa da majalisarsa, sai fa idan lalura ta sa.

Matasan shiya su riƙa tsayawa suna gaisar da dattawa, su nemi shawararsu. Limamai da masu unguwanni su sa ido, idan an kwana biyu ba a ga wani a sahu ba, a tura a duba shi. Shugabannin ofisoshi su riƙa gayyatar tsofaffin ma'aikatansu idan ana wani taro. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 1 ga watan Oktoba ta kowace shekara domin tunawa da tsofaffi, amma mu da muke ganin namu sau biyar a rana bai kamata mu jira shekara ta zagayo ba.

Muna roƙon malaman azuzuwanmu su karanta wannan bayani tare da ɗalibansu, a tattauna a kai. Kowane mai karatu kuma ya tuna da dattijo ɗaya ko dattijuwa ɗaya da ya daɗe bai gani ba, ya je ya gaishe su kafin fitowarmu ta wata mai zuwa. Allah Ya ba iyayenmu lafiya, Ya sa mu gama da duniya lafiya, amin.